Mabuɗina a Hannun Kowa

Assalamu alaikum, mutanen wannan shafi. Na ga saƙonninku. Na ga masu cewa Bahijja ta cika jan rai, na ga wadda ta ce in mutuwa na yi a sanar da ita ta sa ni a addu'a. Ban mutu ba 'yar uwa, gajiya ce. Wannan ɓangaren sau huɗu ina fara rubuta shi ina gogewa, don a nan ne ba ni da wanda zan ɗora wa laifi ni in tsira.

Wanda yau ya fara shigowa, ga inda muke. Shekarar dubu biyu da uku ce, ana ta hayaniyar zaɓe na biyu tun bayan da sojoji suka koma bariki, babu bangon da bai sha fosta ba a Shahuci, har da na zaurenmu. Shekarata ashirin da huɗu, ina aiki a wani asibitin kuɗi a Ƙofar Na'isa wanda ba zan kama sunansa ba. Ina kuma son wani ɗan Koki mai suna Umair, injiniyan da ya haɗa mana kwamfutocin asibitin.

Kwamfuta shida ce. Ɗaya tana ɗan ofishina wanda bai kai kicin ɗin gidanmu girma ba, ita muke ce wa Uwa, don a cikinta fayil ɗin yake. Fayil ɗaya tal, mai ɗauke da sunan duk wanda ya taɓa karɓar kati, da ciwonsa, da maganinsa, da sakamakon gwajinsa. Sauran biyar ɗin ta igiya suke zuwa su leƙa cikin Uwa, kamar dai kwanon tuwo ɗaya hannu biyar a ciki. In Mero mai ba da kati ta buɗe sunan mutum ta tafi hira, to ta kulle shi ke nan, Likita ba zai iya rubuta ko harafi a kansa ba. Sai ka ji ya ƙwala mini kira tun daga ofishinsa:

"Bahijja! Abin nan naki ya sake ƙi!"

Abin nan nawa. In yana tafiya daidai na asibiti ne, in ya ƙi ya zama nawa. Wuni nake ina zarya tsakanin ɗakuna ina roƙon manya su rufe abin da suka buɗe. Silifas biyu na kashe a wannan barandar, wallahi ba ƙari.

Da aka kafa abin, kowa an ba shi mabuɗinsa, wato kalmar sirrin da zai buga ya shiga, kuma kowa da iya inda aka yarda ya taɓa. Nawa ne kaɗai yake buɗe ko'ina. Ba a yi wata ba Hajiya Turai, babbar ungozomar asibitin, ta manta nata. Ta leƙo ofishina da safar hannu a hannunta.

"Ke, nawa ya ɓace mini. Faɗo naki."

"Hajiya, bari in yi miki sabo, ai ba a bayarwa."

"Ba a me? Ni da na yanke miki cibi za ki ɓoye wa haruffa shida? Mace na can tana naƙuda, ke kina nan kina yi mini boko."

Kuma gaskiyarta, ita ta karɓi haihuwata. Ku gaya mini, a cikin birni wace 'ya ce za ta dubi idon irin wannan ta ce a'a? Na faɗa mata. Ita kuma don kar ta sake mantawa sai ta rubuta a jikin filasta ta manna a goshin kwamfutar ɗakin haihuwa. Kafin sati ya zagayo Mero ta kwafa, mai ɗakin magani ya kwafa, har Likita da kansa ya ce nawa ya fi sauri. Fayil ɗin yana da wani gurbi a ƙarshen kowane layi da yake rubuta sunan wanda ya taɓa layin da lokacin da ya taɓa. Tun daga ranar, duk abin da aka yi a asibitin nan, mai kyau da marar kyau, sunana yake fitowa. Sau biyu ina canja mabuɗin, sau biyu Hajiya Turai tana daina amsa gaisuwata. Na gaji na bari.

To a gida kuma ga nawa. Baba malamin firamare ne da ya yi ritaya, mutum ne mai sanyi, amma akwai abu ɗaya da ba a tanƙwara shi a kai. Shi da Umma duk jininsu AS ne, ba su sani ba sai da suka binne biyu, Yaya Abdulmalik yana da shekara sha shida, da Maryam tana da huɗu. Ƙanwata Khadijat tana nan da sikilar, in ciwon ya tashi har maƙwabta suna jin kukanta. Shi ya sa Baba ya rantse babu 'yarsa da zai aurar sai ya ga takardar gwajin jini. A lokacin ba a saba da haka ba, a majalisar ƙofar gida har cewa ake Malam yana jayayya da ƙaddara. Ni kuwa AS ce. In na auri AS, abin da ya sami Umma shi nake nema.

Manema biyu suka tafi a kan haka. Na farko ya ce an raina shi, na biyu ya yi gwajin ya fito AS, muka rabu muna kuka. Gwaggo Kande, yayar Baba, kullum ta zo sai ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Sa'o'inki suna goyon na uku, ke kina goyon kwamfuta." Umma kuwa in an kawo katin biki sai ta ajiye shi a inda zan gani.

Umair shi ne na uku. Ranar wata Alhamis ya zo asibitinmu, Malam Ɗantani na ɗakin gwaji ya ɗibi jininsa. Ni ko kusa da sunansa ban je ba a fayil ɗin, tsoro ya hana ni. Ranar Litinin Mero ta buga takardar, Likita ya sa hannu a tsaye kamar yadda ya saba, sai ga 'yar salulata ta yi ƙara a cikin jaka, saƙon Umair ne.

"AA ne. Ki ce wa Baba ya fara neman mai alewa."

Sai da na shiga banɗaki na yi kuka na wanke fuska. Baba ya karɓi takardar ya sa tabarau ya karanta, ya ninke ta ya sa a cikin littafin da yake ajiye takardun haihuwarmu. Aka tsayar cewa iyayen Umair za su zo sa rana nan da Asabar uku. Umma ta fito da wata shuɗiyar atamfa da ta ɓoye a ƙasan adaka tun ina sakandare ta ce a kai wa tela. Har Gwaggo Kande sai da ta yi mini murmushi.

Ranar Larabar satin da za a zo, wajen sha ɗaya na safe, aka ɗauke wuta. Batirin da yake riƙe Uwa ya daɗe da mutuwa, na gaya wa Likita har na gaji. Mutum biyar suna cikin fayil ɗin a lokacin, kowa yana tsakiyar rubutu. Da aka tayar da janareta na kunna Uwa, fayil ya ce bai san zancen ba. Innalillahi. Baranda cike da mata da yara, Mero ta fito tana tafa hannu, Likita yana kiran sunana kamar ni na ɗauke wutar.

Ba a gyara shi sai kowa ya fita. Na bi su ɗaki ɗaki ina roƙo, na ƙarshe har sai da na zare igiyar kwamfutarsa da hannuna don ya ce shi bai ga dalili ba. Na koma na kulle ofis na sa gyara. Bayan kusan awa guda fayil ya buɗe, amma layuka da yawa na ɗakin gwaji sun koma wasu alamu kamar tafiyar kaza. Sai dai in cike su da hannu.

Duk ranar Juma'a kafin a tashi nakan kwafe fayil ɗin a faifai in rubuta kwanan wata a jiki in jefa a durowa. Umair ne ya koya mini, har yana cewa ranar da na fasa kar in kira shi. Na ɗauko faifan sati uku da suka wuce na buɗe a gefe, ina duba tsoho ina cike sabo. Wuyana ya ƙage, ko ruwa ban sha ba. Wallahi ba bincike nake ba, so ne irin na wauta, na ce bari in ga sunansa in ɗan ji sanyi. Na gangara ranar Alhamis ɗin nan.

Umair, Koki. AS.

Na murza ido. Na koma cikin Uwa na nemo layinsa, yana cikin waɗanda ba su lalace ba. AA. Na ja zuwa gurbin ƙarshe. Wadda ta canja, Bahijja. Rana, Asabar. Lokaci, ƙarfe biyu da minti arba'in.

Wannan Asabar ɗin ko ƙofar gida ban leƙa ba, ina riƙe da ƙafar Khadijat ina gasa mata da ruwan zafi. Na fara lissafa masu mabuɗina, na ga ai kowa ne. Na so in ce Mero ce ta yi kuskure, na so in ce Hajiya Turai ce ta ji tausayina. Amma ni na san tsarin da hannuna. Sau ɗaya a wata, ranar Asabar bayan azahar, ana kashe duk kwamfutoci biyar ɗin a bar mutum ɗaya a ofishina ya share fayil ɗin ya matse shi. Mutumin nan kuwa injiniyanmu ne, Likita ya ba shi makullin ofis tun bara.

Duk da haka ban yarda ba. Na tashi na tafi ɗakin gwaji. Malam Ɗantani dattijo ne, farar rigarsa kullum a goge, bai taɓa yarda da kwamfuta ba, duk abin da ya buga a ciki sai ya sake rubuta shi a wani ƙaton littafi mai baƙin bango.

"Baba Ɗantani, ara mini littafinka, zan cike waɗanda suka lalace."

"Yawwa. Ai na ce muku ranar da injin zai yi muku tsiya tana nan tafe. Ɗauki, 'yata."

A gabansa na buɗe. Da jan biro ya rubuta, har ya ja layi a ƙasa. AS. Ya ga inda yatsana ya tsaya, sai ya cire tabarau ya yi gyaran murya.

"Na ji ana maganar sa rana. Na ce to, ƙila Malam ya sauko, sun yanke su bar wa Allah. Ba hurumina ba ne, shi ya sa na yi miki kara ban ce komai ba. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba."

Shi ba ya ganin takardun da Mero take bugawa. Bai san abin da ke cikin littafin Babana ba. Na koma ofis na cike layukan mutane har la'asar, na buɗe wa kowa fayil, aka ci gaba da aiki. Layin Umair kuwa na bar shi yadda na same shi. Na sa faifan a jaka na hau bas, ban san lokacin da muka zo Shahuci ba sai da kwandasta ya buga mota.

Washegari na tura masa saƙo. "Ka zo bayan la'asar. Da magana."

Nan take ya amsa. "Ko an sake canja kalar anko ne? Ina tafe, ranki ya daɗe."

Ya zo cikin shadda ruwan toka sabuwa kar, da hular da na taɓa ce masa tana yi masa kyau, ƙamshin turarensa ya cika zaure. Ni ko hoda ban shafa ba, tsohon mayafin Umma na yafa. Na shimfiɗa masa tabarma, na ajiye jug ɗin zoɓo, na ajiye faifan a kusa da kofi. Ya duba kwanan watan da ke jiki. Ya daɗe yana kallonsa. Kun san abin da ya fara fita daga bakinsa?

"Na manta da na Juma'a."

Ko rantsuwa bai yi ba. Ni da na kwana ina addu'ar ya musa, in sami abin kamawa.

"Kai ne ke nan."

"Ni ne. Bahijja, saurare ni. Da na shigo ranar Asabar ɗin nan dubawa kawai na yi niyya. Da na gani sai da na zauna a ƙasa. Na san Baba, na san ko kallon fuskata ba zai ƙara yi ba. Harafi ɗaya ne tsakanina da ke."

"Harafi ɗayan nan shi ya kai Yaya Abdulmalik kabari."

"Allah ya ji ƙansa. Amma ai ba duka ba ne, ke ma kin sani, cikin huɗu ɗaya ne, kuma ba dole ba. Ga ki nan lafiyarki ƙalau, ciki ɗaya kuka fito. Allah ne mai rayawa."

"Ummata cikin biyar uku ta samu. Je ka yi mata wannan lissafin."

Ya mayar da idonsa kan faifan. Daga cikin gida ina jin Umma tana daka, ina jin rediyon Baba ana ta tallan 'yan takara.

"Me ya sa da sunana ka shiga? Ai kana da naka."

Ya sunkuyar da kai. "Nawa ni kaɗai ne da shi. Naki kuwa kowa yana shiga da shi, ba wanda zai iya cewa wane ne."

"To madalla. Ka ɓuya a bayana ke nan. Ranar da ta tonu, ni za a ce na yi don na rasa miji."

"Wallahi ban yi wannan tunanin ba."

"Ai na sani. Ba ka yi tunanina ba sam."

Na so in yi ihu, amma ƙarfin babu. Da a ce mugu ne da na huta. Amma wannan ne mutumin da ya ɗauki Khadijat a motar abokinsa sau biyu ya kai ta asibiti, ya tsaya a bakin ƙofa har aka sa mata ruwa. Ya ga ciwon da idonsa. Ga shi a gabana hawaye yana sauka a kan sabuwar shadda, ni kuma zuciyar banza tana cewa in miƙa masa bakin mayafi ya goge.

"Ba zan hana ki faɗa ba," in ji shi. "In kin faɗa, ni zan je in durƙusa in gaya wa Baba da hannuna na yi. In kuma kin yi shiru, duk abin da Allah ya ba mu, ni zan ɗauka. A bayana zan goya."

"Ba kai za ka ji ciwon ba. Ba ni ba ce ma."

Ya tashi bai sha zoɓon ba. Kafin in naɗe tabarma saƙo ya shigo. "Duk wanda kika zaɓa ba zan ga laifinki ba." Kun ji fa. Ya ɗaura kaya ya ɗora mini, kuma ya yafe mini tun kafin in sauke.

Ranar Juma'a na je aiki, na yi zaryata, na kwafi faifan sati kamar kullum. A hanya na shirya maganar tsaf. Zan ce Baba an sami kuskure a injin, a sake gwaji. Ko sunan Umair ba sai na kama ba. Na maimaita ta ya fi sau ashirin.

Da na shiga gida na tarar an share tsakar gida an yayyafa ruwa. Gwaggo Kande ta zo da masu tuyar cincin, ƙamshi ya cika ko'ina. Tela ya kawo shuɗiyar atamfar, Umma ta rataye ta a ƙofar ɗaki tana ta shafa wuyan. Khadijat tana kwance a rumfa da bargo, ranar da ɗan sauƙi, idonta rawaya amma tana dariya.

"Yaya, gwada mu gani mana. In ban iya tashi gobe ba ai na ga amarya tun yau."

Na gwada. Ta zauna mini cif. Umma ta juya baya tana share ido da gefen zani, Gwaggo Kande ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Rabon da in ga haƙoran Umma haka tun kafin rasuwar Yaya Abdulmalik.

Da rigar a jikina Baba ya aiko kirana. Yana zaune a ɗakinsa a kan buzu da farar rigar Juma'a, littafin takardunmu a buɗe a cinyarsa, takardar Umair a hannunsa. Na durƙusa.

"Bahijja, gobe mutanen Koki za su zo. In na karɓi goronsu magana ta ƙare, ni ba na yin biyu."

"Haka ne, Baba."

"A masallaci wani yake ce mini injinan nan suna kuskure, wai wani lokaci sai su ba ka na wani. Abin ya tsaya mini a rai. Ni ban san kwamfuta ba, ban san Likitanku ba. Ke na sani, tun kina yarinya ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Ke kike riƙe da injin nan. Abin da ke takardar nan, shi ne gaskiya?"

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, ko turawa ba sai na yi ba. Maganar da na shirya tana kan harshena. Faifan yana cikin jakata a ɗakin Umma, taku goma. Na tuna manema biyu da suka tafi, na tuna sake komawa farko ina da shekara ashirin da huɗu, na ji dariyar Umma daga tsakar gida. Ba zan ce muku so ne kaɗai ba. Na gaji ne, 'yan uwa, na gaji da zama wadda take gyara abin da wasu suka ɓata. Wanda zai zage ni ya zaga, na riga shi.

Na ce, "Shi ne, Baba. Na duba da idona."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya ninke takardar ya mayar cikin littafin, ya ɗora hannunsa a kaina.

"Alhamdulillahi. Allah ya yi miki albarka. Abin da ni da uwarki muka gani, Allah kar ya nuna miki shi a kan 'ya'yanki."

Na ce amin.